Yadda Ake Auna Hayaƙi da Ƙurar da Masana'anta ke Fitarwa

Wani bututun masana'anta yakan turnuƙe da farin abu har ya tare rana, alhali yawancinsa tururin ruwa ne da ke bajewa nan take. Wani kuma ka gan shi fes, ka ɗauka ba a aiki, amma yana watsa iskar farar wuta mai ƙona maƙogwaro da huhu. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malami Bafaranshe, Maximilien Ringelmann, ya tsara katuna masu lamba daga 0 zuwa 5, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, mai dubawa ya tsaya daga nesa yana gwada duhun hayaƙi da su. Har gobe ana amfani da wannan dabara a matsayin duban farko, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai kima ba ta isa hujja a gaban hukuma ba, ba ta kuma gaya wa injiniya abin da ya lalace a cikin injinsa ba.

Wannan jagora ta shafi duk wanda aikin auna hayaƙi zai biyo ta kansa: ma'aikacin sashen muhalli a masana'antar siminti irin ta Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gwambe, ko Malbaza a Nijar, mai kula da tukunyar tururi a Sharaɗa ko Bompai a Kano, da jami'in da ake miƙa wa rahoto ya sa hannu. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan bin ƙa'idojin muhalli. Hanyoyin awon da aka fi bi a duniya kuwa su ne na hukumar kare muhalli ta Amurka, musamman Hanya ta 1 zuwa ta 5, da kuma na Tarayyar Turai. Daga cikinsu aka ɗauko alƙaluman da ke nan.

Abubuwa uku da ake nema

Na farko, yawan gurɓata a cikin kowane kubik mita na iskar da ke fita: miligiram nawa na ƙura, nawa na iskar gas irin su SO2 (iskar farar wuta), NOx ko CO. Na biyu, yawan iskar kanta, wato kubik mita nawa ke wucewa a daƙiƙa ko a awa. Na uku, yanayin da iskar take ciki lokacin awo: zafinta, matsinta, laimarta, da yawan oksijin ɗin da ke cikinta. Idan aka ninka na farko da na biyu ake sanin kilo nawa masana'anta ke zuba wa maƙwabtanta a rana. Na ukun kuwa shi ke ba da damar gwada awon yau da na bara, ko na wannan masana'anta da iyakar da doka ta sa. Duk lambar da ta zo ba tare da waɗannan bayanai ba, ajiye ta gefe.

Inda ake huda bututu

Tun daga zaɓen wuri ake gyara aikin ko a ɓata shi. Iskar da ta fito daga fanka, ko ta sha kwana, ko ta haɗu da wata, ba ta tafiya a miƙe: tana murɗawa, wani gefen ya fi wani gudu, ƙura ta taru a ɓangare guda. Sai ta yi tafiya mai ɗan nisa a miƙaƙƙen bututu kafin ta daidaita. Ƙa'idar Amurka ta ce a huda ƙofar awo a nisan da ya kai faɗin bututun sau 8 bayan kwana ta ƙarshe, a kuma bar aƙalla faɗinsa sau 2 kafin baki ko wata kwanar. Bututu mai faɗin mita 3 yana bukatar miƙaƙƙiyar tafiya ta mita 24 a ƙasan ƙofar da mita 6 a samanta. In hakan ya gagara, mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne sau 2 a baya da rabin faɗi a gaba, amma sai an ƙara yawan wuraren ɗiba.

Ba a tsayar da sandar awo a tsakiya kawai, don a nan iska ta fi gudu. A zagayayyen bututu ana huda ƙofofi biyu masu gilma juna, a ɗibi samfur a wurare 12, shida ta kowace ƙofa. Wuraren ba tazara ɗaya ke tsakaninsu ba, an lissafa su ne yadda kowanne zai wakilci fili daidai da na ɗan'uwansa. Daga bangon ciki, ana tsayawa a kashi 4.4, 14.6, 29.6, 70.4, 85.4 da 95.6 cikin ɗari na faɗin. Tun a ƙasa ake auna waɗannan tazarori a yi wa sandar alama, a haɗa da tsawon wuyan ƙofar, wanda sabbin shiga kan manta da shi.

Gudun iska

Kayan aikin nan tsoho ne. Henri Pitot ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen a Faransa, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Wanda ake sa wa a bututun hayaƙi shi ne samfurin S: siraran bututai biyu a manne, bakin ɗaya na fuskantar iskar da ke tahowa, na ɗayan ya ba ta baya. An fi son sa ne saboda bakunansa na da faɗi, ƙura ba ta saurin toshe su. Iska na danna bakin gaba fiye da na baya, ma'aunin matsi kuma ya nuna bambancin. A gefensa ana ɗaura ma'aunin zafi, domin iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, kuma nauyin yana cikin lissafin.

Ga yadda lissafin yake. A ninka bambancin matsi da 2, a raba da nauyin kubik mita ɗaya na iskar, a fitar da tushen murabba'in abin da aka samu, sannan a ninka da lambar gyara ta bututun, wadda ga samfurin S da aka ƙera bisa ƙa'ida ake ɗauka 0.84. Misali, a zafin digiri 150 nauyin iskar na kusa da kilo 0.83. In ma'auni ya nuna fasikal 130, gudun zai fito kusan mita 15 a daƙiƙa. Haka za a yi a duk wurare 12.

Kafin a fara, a gwada ko iskar na juyawa. A karkata bututun Pitot har bakunansa biyu su kalli gefe. In iska a miƙe take, ma'auni zai nuna sifili. In bai nuna ba, a ci gaba da murɗa shi a hankali har ya sauka sifili, a rubuta digirin karkatar. Idan matsakaicin karkatar a duk wuraren ya haura digiri 20, wurin bai dace ba, sai a nemi wani.

Kama ƙura

Nan ne aikin ya fi bukatar hannu da natsuwa. Manufar ita ce a tsotso sanannen adadin iska, a tace ƙurar da ke ciki, a ɗora ta a sikeli. Kayan a jere suke kamar haka: ɗan baki mai kaifin gefe da ke fuskantar iska, doguwar sanda mai ɗumama kanta, takardar tacewa ta zaren gilashi a cikin akwati mai zafi, kwalabe huɗu a cikin ƙanƙara, famfon tsotsa, sai mitar da ke ƙirga iskar da ta wuce. Ana riƙe sanda da akwatin a digiri 120, da rangwamen 14 sama ko ƙasa, don kada tururi ya zama ruwa ya jiƙa takardar. Kwalabe biyun farko na ɗauke da ruwa mililita 100 kowacce, ta uku babu komai, ta huɗu kuma da ƙwayoyin silika giram 200 zuwa 300 masu shanye ragowar laima. Ruwan da ya ƙaru a kwalaben nan shi ke nuna yawan laimar hayaƙin, don haka ana auna su kafin aiki da bayansa.

Babban sharaɗi shi ne iskar ta shiga ɗan bakin da gudun da take tafiya a cikin bututun, ba ƙari ba ragi. Wanda ya taɓa kallon shiƙar gero zai gane dalili: ƙaiƙayi na bin duk inda iska ta karkata, tsaba kuwa nauyinta na sa ta wuce a miƙe. Haka ƙura take. In famfo ya ja da ƙarfi fiye da kima, zai janyo iskar gefe ta lanƙwaso ta shiga, amma manyan ƙwayoyin ƙurar da ke cikinta su wuce abinsu. An ƙirga iska mai yawa da ƙura kaɗan, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. In kuma jan ya yi rauni, wani ɓangaren iskar zai kauce wa bakin, manyan ƙwayoyin su faɗa ciki, sakamako ya haura. Saboda haka ake zaɓar girman ɗan baki bisa gudun da aka auna, kuma duk lokacin da aka matsa zuwa sabon wuri, mai kula da mita ya sake saita famfo. Ƙa'ida ta yarda da kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na daidaiton. Abin da ya fita daga nan, a sake shi.

Matakan a taƙaice:

1. A ɗakin gwaji, a busar da takardar tacewa awa 24 a tukunyar shanye laima, a auna ta a sikelin da ke gane kashi ɗaya cikin goma na miligiram, a rubuta lambarta.
2. A kan dandamali, bayan an harhaɗa kaya, a toshe ɗan baki a kunna famfo. In mita ta ci gaba da juyawa fiye da lita 0.57 a minti, akwai inda iska ke kutsawa. A nemo shi tukuna.
3. A jira sanda da akwati su kai zafinsu, a shigar da sanda wuri na farko, a toshe ragowar ƙofar da tsumma mai jure zafi don kada iskar waje ta shiga.
4. A ba kowane wuri lokaci iri ɗaya, kada ya gaza minti 2. Da yawa sukan ba shi minti 5, awo guda ya kama awa ɗaya. A kowane wuri a rubuta matsi, zafi da karatun mita.
5. A riƙa ƙara ƙanƙara, iskar da ke fita daga kwalba ta ƙarshe kada ta wuce digiri 20. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ƙanƙara ba ta jimawa, a hau da ninkin abin da ake zato.
6. Da an gama, a fito da sanda a hankali kada bakinta ya goge bango ya kwaso tsohuwar ƙura, a sake gwajin kutsen iska.
7. A ɗauke takardar da hantsaki zuwa mazubinta. A wanke cikin ɗan baki da sanda da sinadarin asiton da buroshi, a tara wankin a kwalba mai murfi. Ƙura da yawa a nan take maƙalewa, kuma wanda ya tsallake wannan mataki ya zubar da wani kaso na sakamakonsa.

A ce takarda ta ƙaru da miligiram 28, busasshen wankin sanda ya ba da 8, mita kuma ta nuna an ja kubik mita 1.2 bayan gyaran lissafi. Ƙurar ta zama 36 a raba da 1.2, wato miligiram 30 a kubik mita. Ana maimaita awon sau uku, masana'anta na aiki da cikakken ƙarfinta, a ɗauki matsakaici.

Iskar gas

Don duba na ɗan lokaci akwai na'urar hannu irin Testo 350, mai ƙananan ƙwayoyin sinadari, kowacce da gas ɗin da take ganewa. Ana kunna ta a iska mai tsafta, nesa da bututu da salansar janareta, ta saita sifilinta, sannan a sa sandar. Ƙwayoyin nan suna tsufa ko ana aiki da su ko ba a yi, kuma wani gas kan ruɗe su: haidirojin, alal misali, na sa ƙwayar CO ta nuna fiye da abin da ke akwai. Na'urar na ba da karatu da ppm, wato kashi cikin miliyan. Don mayarwa miligiram a kubik mita a ma'aunin Turai, ana ninka CO da 1.25, SO2 da 2.86, NOx kuma da 2.05, tunda ana lissafa shi ne a matsayin NO2 duk da mafi yawansa a cikin bututu NO ne.

Babbar matsalar awon gas ruwa ce. SO2 da NO2 suna narkewa a ruwa, don haka in tururi ya yi raɓa a cikin tiyo, raɓar ta shanye su kafin su isa na'ura, karatu ya sauka. Mafita biyu ce: ko a riƙe tiyon da zafi, wajen digiri 180, tun daga bututu har na'ura, ko a sanyaya iskar farat ɗaya zuwa wajen digiri 4 a janye ruwan nan take.

Na'urorin dindindin

Awon hannu na nuna abin da ya faru cikin awa uku ne kawai, masana'anta kuwa dare da rana take aiki. Shi ya sa manyan masana'antu ke kafa na'urori masu karatu ba tsayawa. A Amurka, gyaran dokar tsaftar iska na 1990 ya wajabta su a manyan tashoshin wutar lantarki don yaƙi da ruwan sama mai asid.

Ta fuskar gas, CO da CO2 ana gane su da yadda suke shanye hasken infirared. NO ana haɗa shi da ozon, haɗuwar ta ba da ɗan haske da ake aunawa. SO2 ana haska shi da hasken UV ya mayar da wani haske. Oksijin kuwa sau da yawa ƙwayar zirkoniya ce, mai aiki a zafin da ya kai wajen digiri 700, ke auna shi a cikin bututun kai tsaye. Gudun iska ana bin sa da jerin bututan Pitot na dindindin, ko da na'urori biyu masu aika wa juna sautin da kunne ba ya ji, ɗaya sama ɗaya ƙasa: sautin da ya bi iska ya riga wanda ya sa ƙirji da ita isa, bambancin lokacin ya ba da gudu.

Ta fuskar ƙura akwai iri uku. Na farko na harba haske daga wannan bango zuwa wancan ya auna abin da ya ragu, kuma ya fi dacewa da ƙura mai yawa. Na biyu na auna hasken da ƙwayoyin ƙura suka warwatsa, shi ya fi gane ƙura kaɗan. Na uku sandar ƙarfe ce da ke jin cajin lantarkin da ƙura ke ɗauke da shi. Tana da kyau wajen tona asirin jakar tacewa da ta yage, amma ba a sa ta a bayan matatar ƙura mai aiki da lantarki, don cajin matatar na ruɗa ta. Abin lura shi ne babu ɗaya cikin ukun da ke auna nauyi. Sai an jera su da awon takarda da sikeli an fitar da dangantakar karatunsu da miligiram. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14181 ta nemi aƙalla awo 15 na gwadawa cikin kwanaki 3 ko fiye, sannan a sake dubawa duk shekara. Idan aka canza makamashi ko aka sake matata, girman ƙura da launinta sun canza, tsohuwar dangantakar ta tashi aiki.

Daidaita lissafi

Iska na kumbura da zafi, don haka kubik mita ɗaya a digiri 150 ba daidai yake da na digiri 0 ba. Turai na mayar da komai zuwa digiri 0, Amurka zuwa 20, dukansu a busasshiyar iska da matsin kilofasikal 101.3. Mu koma bututunmu mai faɗin mita 3. Filin cikinsa murabba'in mita 7.07 ne, a ninka da gudu 15, ya ba da kubik mita 106 a daƙiƙa. A mayar digiri 0 ta ninkawa da 273 a raba da 423, ya koma 68.4. A cire laima kashi 10, saura 61.6. In kowanne na ɗauke da miligiram 30, ana fitar da giram 1.85 a daƙiƙa, kusan kilo 6.7 a awa, kusan kilo 160 a kwana guda.

Sai gyaran oksijin, wanda aka sa don toshe wata sananniyar dabara: a buɗe wata kafa iskar waje ta shiga ta tsarma hayaƙin, lamba ta sauka alhali gurɓatar na nan yadda take. Iskar waje na da oksijin kusan kashi 21, saboda haka tsarmin na bayyana a karatunsa. Kowace irin masana'anta da ma'auninta: a Turai kashi 10 ga murhun siminti, 3 ga tukunyar tururi mai ƙona mai ko gas, 6 ga mai ƙona kwal, 11 ga wurin ƙona shara, 15 ga injin tabain. A cire ma'aunin daga 21, a cire abin da aka auna daga 21, a raba na farko da na biyu, a ninka da sakamakon. In murhun siminti ya nuna ƙura 30 a oksijin kashi 14, lissafin shi ne 30 sau 11 a raba da 7: miligiram 47 ke nan, ba 30 ba.

Kula da kaya a yanayinmu

Yawancin na'urorin nan an ƙera su ne a ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba. Na'urar haske na da fanka da ke hura iska a kan gilasanta don ƙura kada ta zauna, kuma daga waje fankar ke jan iskar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matacinta na toshewa da wuri, a riƙa duba shi duk mako. In an ɗauke wuta fankar ta tsaya alhali hayaƙi na wucewa, gilashi zai dushe, na'ura ta riƙa nuna ƙurar da babu. A haɗa ta da layin da ba ya yankewa. Ɗakin na'urorin gas na bukatar sanyi tsayayye, don karatunsu na zamewa in zafi na hawa da sauka. Kullum a ba su gas na sifili da gas mai sanannen ƙarfi daga silinda, kamar yadda ƙa'idar Amurka ta nema duk awa 24, a rubuta zamewar a littafi. Silindar kanta na da ranar ƙarewa a takardarta, kuma tunda daga nesa ake kawo ta, a yi odar sabuwa da sauran watanni. In aka tura naitirojin zalla ta bakin sanda na'ura ta nuna oksijin, tiyo ya huje.

Hawa bututu kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. A sa ɗamarar kariya a maƙala ta, a ɗaga kaya da igiya maimakon rungumarsu a tsani, kowa ya rataya na'urar gargaɗin CO a ƙirji. Lokacin kwance murfin ƙofa a tsaya a gefe, don wani bututun na feso iska mai zafi waje. Da damina, da an ga hadari ya haɗo a sauko.

In an kawo maka rahoto

Kada ka fara da shafin ƙarshe inda aka rubuta cewa an cika ƙa'ida. Nemi zanen bututun da nisan ƙofar awo daga kwana. Duba nawa masana'anta ke sarrafawa a awannin da aka yi awon, ka gwada da na sauran ranaku, domin awon da aka yi murhu na rabin aiki ba ya wakiltar komai. Duba kason daidaiton gudu na kowane awo cikin ukun, da sakamakon gwajin kutsen iska na farko da na ƙarshe, da nauyin wankin sanda daban da na takarda. Tabbatar an faɗi zafi, laima da oksijin ɗin da aka daidaita lissafi a kai, kuma su ne waɗanda takardar izinin masana'antar ta ambata. Nemi takardun saita mita, bututun Pitot da silindar gas, ka duba kwanan watansu. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, mayar da rahoton a cike giɓin kafin ka sa hannu.